A ba mai keke gefensa a hanyoyin karkarar Damagaram

Duk wanda ya je likita da hawan jini ko ciwon sukari ya san maganar da lokotoro ke ƙarewa da ita bayan ya rubuta magani: a rage gishiri, a rage maiƙo, a riƙa motsa jiki. Biyun farko uwargida na iya taimakawa a kansu. Na ukun ne ke gagara, don ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai shekara 50 ba zai shiga fili ya buga ƙwallo da sa'o'in ƴaƴansa ba, gudu kuwa gwiwa ba ta ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Fita uku ke nan a kan keke, kowace ta minti 50. Amma keken na can jingine a zaure an bar wa yara da ɗan aike, saboda a garuruwanmu in babba ya hau keke sai a fara raɗa ko karayar arziki ce ta same shi.

Jama'a, hanyoyin da suka fita daga birnin Damagaram zuwa karkara sun isa su ba kowa abin da ya dace da ƙarfinsa, daga mai tumbin da ya shekara 20 bai taka feda ba har saurayin da ke mafarkin tsere. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hawan da ke cikinta ba mai karya zuciya ba ne, ƙauyuka kuma ba su da nisa da juna ta kudu da gabas. Abin da ya rage shi ne hukuma ta san da zaman mai keke a kan gudro.

Sabon shiga hanyar Mirya ce tasa. Kilomita 18 ne gabas da birni a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta wuce zuwa Gure da Difa. Mai tafiya a hankali zai kai cikin awa ɗaya da rabi. Ba dole ba ne ya kai a ranar farko. Ya yi kilomita 5 ya juyo, mako mai zuwa ya yi 8, a haka har ran da zai ga kansa cikin garakan Mirya yana cinikin tulu wajen masu ginin tukwane. Hanyar na da wani alheri da ba kowa ke lura da shi ba. A lokacin hunturu iska daga gabas maso arewa take busowa, don haka mai zuwa Mirya da safe da ita yake kokawa tun yana da sauran ƙarfi, in ya juyo gida a gajiye kuma ita ce za ta riƙa tura shi. Wanda ƙafa ta ƙi gaba ɗaya, motocin haya ba sa yankewa tsakanin garuruwan biyu, sai a ɗaure keken a bisa ya biya kuɗin mota. Sai dai sabon shiga ya guji ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirya, don ran nan hanyar ta amalanke ce da motocin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Hanyar yamma, wadda ta nufi Takeita, akasin haka take, kuma ita ce ke yaudarar mutane. Da iska a bayanka za ka ga keke na gudu kamar an sa masa inji, ka ce ashe haka kake da ƙarfi. Sai ka juyo za ka san gaskiya. Shi ya sa nake ganin ta dace da wanda ya riga ya saba da zuwa Mirya da dawowa ba tare da ya kwana yana jiƙa ƙafa a ruwan zafi ba. Irin wannan ya tsaya a Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa a 1899 kafin birnin ya faɗa hannunsu. Yaranmu nawa ne suka karanta sunan a lekol amma ba su taɓa taka wurin ba? Takeita kanta kilomita 50 ce, zuwa da dawowa 100, wannan kuwa aikin yini ne na mai jini a jika. Haka ma Gidimuni, can gaba da Mirya, fiye da kilomita 60 daga birni, mai tafki da dabino da garake. Wanda ya kai can da ƙafarsa ya cancanci ya zauna a inuwa ya sha rake ba tare da an tambaye shi ba.

Babbar tafiya ita ce zagayen kudu: daga Damagaram zuwa Takeita, a karya kudu ta Kance zuwa Matamaye, a wuce Magarya, a dawo ta Bande da Dogo. Ya haura kilomita 200, saboda haka kwana biyu yake ci ga mai hankali, a kwana Matamaye ko Magarya. Nan ne ƙasar gawo. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka daina sare tsiron da ke fitowa a gonakinsu, suna sassabe shi suna rainonsa, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallon abin da talaka ya yi da gatari da haƙuri. Gawo kuwa, kowa ya sani, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ke nan a daidai watannin da mai keke ke neman inuwa, a lokacin yake da ita. Ban san wata hanya a ƙasar nan da ta fi wannan daɗin gani a watan Disamba ba, gero an girbe, rumbuna cike, ana lodin rake a bakin hanya. Illarta ɗaya, daga Takeita zuwa Matamaye hanyar Kano ce, kamyo ba ya ɗaukewa.

Hanyar arewa ta Tanut ba na ba kowa shawararta. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, kimanin kilomita 50 daga birni, tankokin mai ne ke sarauta a kanta, ga ƙarancin inuwa, ga tazara tsakanin ƙauyuka. Haka nan ƴan uwanmu na Maraɗi, suna da hanyar Tibiri ga sabon shiga, suna da tafkin Madarunfa wanda da ya zama wurin zuwa na kowane ƙarshen mako, amma ƴan bindigar da suka addabi yankin iyaka sun sa dole mutum ya tambayi mutanen wuri kafin ya yi nisa ta kudu.

Lokaci ma na da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kakar keke. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, wanda bai dawo gida kafin ƙarfe 9 na safe ba kansa ya cuta, musamman mai hawan jini, wanda ya kamata ma ya nemi izinin lokotoronsa kafin ya fara. Ruwa kuwa mutum ya ɗauki nasa, wajen lita ɗaya ga kowace awa. Kowa ya san tarihin Damagaram da ƙishirwa. Ba kyau ƙato ya sauka daga keke ya shanye tulun da yarinya ta yi tafiyar awa guda ta ɗebo. A riƙe famfo da kayan faci, don da zarar taya ta sauka daga gudro, tsaida da ƙayar aduwa na jira, mai faci kuma ba a kowane ƙauye yake ba.

To, a nan ne maganar take. Me ke sa mai keke sauka daga gudro? Hanyoyinmu an yi su ne daidai faɗin mota biyu. Gefen da ya kamata a bari, ruwa ya cinye shi ko rairayi ya rufe shi, wani wurin ma bakin kwaltar ya zama gaɓa mai kaifi. In kamyo biyu suka haɗu, direba oda kawai yake dannawa, ma'anarta kuwa a sarari take: ka faɗa daji ko a bi ta kanka. Mai keken motsa jiki da ya gamu da wannan sau ɗaya zai mayar da kekensa zaure, ya koma kan moto, ba abin da ya yi asara sai lafiyarsa. Amma akwai waɗanda ba su da zaɓi. Ɗan lekol da ke tasowa daga ƙauye zuwa kwaleji kullum safiya, mai kai ciyawa ko itace birni, mai jarkoki huɗu a bayan keke, malamin da aka tura makarantar ƙauye. Su ne ke kan waɗannan hanyoyi tun kafin wani ya yi tunanin wasa, kuma in an buge ɗayansu sai a ce tsautsayi, a yi jana'iza, a watse.

Na san abin da za a ce: ƙasa na fama da tsaro da tsadar abinci, wa ke ta keke? Amsata ita ce tsadar ce ma ta dawo da shi. Da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, farashin ruwa-ruwa ya tashi a duk garuruwan iyaka, a watan Maris na 2025 kuma kowa ya ga layin da aka yi a gidajen mai. Magidanta da dama sun gane cewa abin hawan da ba ya shan komai ba abin rainawa ba ne. Sannan abin da ake nema bai kai kuɗin gina gada ɗaya ba. Duk kwangilar gyaran hanya da za a bayar, a rubuta a cikinta cewa za a shimfiɗa gefe mai faɗin mita ɗaya da rabi a kowane ɓangare, aƙalla kilomita 20 daga bakin gari. Ma'aikatun magajin gari su sa a riƙa kwashe rairayin da ke hawa gefen, a sake shafa fenti a duwatsun kilomita, a kafa alluna a mafitar gari da ke faɗin nisan Mirya da Tirmini da Dogo, da inda ake samun ruwa da mai faci. Jandarmomin da ke tsaye a shingaye su riƙa tuna wa direbobin kamyo cewa oda ba birki ba ce.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso ba su fi mu arziki da yawa ba. A Wagadugu an ware wa masu ƙafa biyu layinsu a manyan tituna, mace da namiji, babba da yaro kowa na hawa ba mai kallon wani, kuma tun 1987 suka fara tseren zagayen ƙasarsu. Eritiriya ma ba ta fi mu ba, amma ɗanta Biniam Girmay ya ci zango uku a tseren Faransa na 2024 ya tafi da koriyar riga. Irin waɗannan yara a hanyar gari suke tasowa, inda uwa ba ta fargabar barin ɗanta ya fita. Mu kuwa ƴaƴanmu mata da ke tafiyar kilomita 7 a ƙasa zuwa kwaleji, wasu har su gaji su bari, keke zai rage musu tafiyar zuwa rabin awa, in iyaye sun daina ɗaukar hawansa abin kunya kuma hanya ta daina zama abin tsoro.

Su ma masu keken ba a wanke su ba. Da yawa ba birki, sai dai a ja ƙafa a ƙasa. Ba fitila, ba ko ɗan abin ƙyalli a baya, ga baƙar riga da magariba, ga bin hannun da ba nasu ba. Yara kuma na maƙale wa bayan kamyo don ya ja su. Direba ba zai kauce wa abin da bai gani ba. Ƙyallen da ke haske in fitila ta doke shi bai fi ƙarfin kowa ba, hular kwano kuma ta fi ɗinkin kai araha.

In za a fara, a fara da kilomita 18 na Mirya, tunda ita ce ta fi jama'a kuma ita ce ta sabon shiga. A gyara gefenta kafin hunturu mai zuwa, a kafa allunan, sannan hukumar wasanni ta jaha ta sa rana ɗaya a wata, ban da Lahadi, da za a fita tare da asuba da rakiyar jandarma, ɗaliban Jami'ar André Salifou a gaba, dattawa a baya, motar ɗaukar waɗanda suka gaji tana biye.