Filin Manoma: Tsutsar Masara Da Romon Da A Ke Kiwon Ƙwayoyinta

Ran Asabar da ta wuce na shiga Kasuwar Singa zan sayo wa ƙanwata sukari da yis, gama tana sana'ar cincin da fanke. Na tarad da wani dattijo da na saba saye wurinsa yana lissafi, ransa a ɓace. Da muka gaisa sai ya ce, "Malamin gona, gara da Allah Ya kawo ka. Masarata ta bana feshi uku na yi mata, amma tsutsa ta cinye mini ita. Wai shin wannan tsutsa tana da wani amfani a duniya kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tana da shi, kuma rabin abin da a ke bukata don cin amfaninta ga shi nan jibge a shagonka." Ya yi dariya, yana tsammani ba'a na ke yi. To, amsar da na ba shi ita ce zan shimfiɗa muku yau.

Wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta ƙasashen Amurka ne, kuma a farkon 2016 masu bincike na cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar ta shigo Nijeriya. Kowane manomi ya san aikinta, ta shige cikin kan masara ta yi ta ci, ta bar kashi kamar garin katako.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, jikin kowane mai rai, tsutsa ko mutum, an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun gano ana iya cire waɗannan ƙwayoyi a sa su cikin kwalba su ci gaba da rayuwa suna hayayyafa, muddin an ba su abincin da ya dace. Abincin nan ruwa ne, ni kuwa romo na ke kiransa, don shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ne ɗakin kwanansu.

Gano romon bai zo da sauƙi ba. A 1956 wata mai bincike a Kanada, Wyatt, ta haɗa nata bisa ga abin da aka auna a cikin jinin tsutsar siliki. Sa'an nan Thomas Grace na ƙasar Ostareliya ya gyara shi, har a 1962 ya ba da labarin ya sami ƙwayoyin wani malam-buɗe-littafi na dare suna ta hayayyafa ba yankewa. Har yau ana sayad da romon da sunansa. A 1977 kuma Vaughn da abokan aikinsa na Ma'aikatar Gona ta Amurka suka ba da labarin ƙwayoyin da suka ciro daga jakar ƙwai ta wannan tsutsa tamu ta masara. Jikokin ƙwayoyin nan, da a ke kira Sf21 da Sf9, suna nan a ɗakunan bincike ko'ina cikin duniya, suna ninka yawansu cikin kamar kwana guda.

Me ke cikin romon? A kowace lita ta romon Grace akwai sukari irin na rake wajen giram 27, da gishiri iri iri, da sinadaran gina jiki wajen iri 20, da bitamin. Galibi akan ƙara ruwan yis da aka tace, da sinadarin madara da aka narkar, kowanne wajen giram 3. Sukari, yis, madara, gishiri. Ashe ba su ne a ke saukewa daga tirela kullum a Singa ba? Akwai kuma abin da babu a kasuwa, shi ne kuwa mafi tsada, watau ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda a kan zuba kashi 10 cikin 100. Yanzu kamfanoni sun haɗa romon da ba ya bukatarsa, amma ba su faɗin abin da suka sa ciki, kuma da dalar Amurka a ke sayensa.

To, me a ke samu in an yi wannan kiwo? Abu biyu. Na ɗaya allurar rigakafi. Allurar mura mai suna Flublok, wadda Amurka ta yarda da ita a 2013, da allurar korona ta kamfanin Novavax, duka cikin ƙwayoyin tsutsar masara a ke yin su. Tsutsar da ta talauta wani, ita ce ta arzuta wani.

Na biyu shi ya fi shafarmu. Tsutsa ma tana da annobarta. Akwai ƙwayar cuta da in tsutsa ta ci ta a kan ganye, bayan 'yan kwanaki sai ta yi sanyi, ta daina ci, ta mutu, jikinta ya narke ya yaɗa cutar ga 'yan'uwanta. Ba ta taɓa mutum, ko dabba, ko ƙudan zuma. A ƙasar Birazil sun yi aiki da irin wannan cuta a kan tsutsar waken soya tun wajen 1982, har a 2003 zuwa 2004 ta kai gonaki kusan hekta miliyan 2. Cikin kwalbar nan ta ƙwayoyi ne mai bincike ke iya rarrabe irin cutar, ya auna ƙarfinta, ya zaɓi wadda ta fi kisa.

Ga ra'ayina. Ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, su ɗauki haɗa wannan romo daga kayan gida a matsayin babban aiki, attajiran Singa kuma su taimaka da kuɗi. Mun dogara ga guba har ta fara cin mu. Ku tuna a Yuni 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Hasarar nan manomi da ɗan kasuwa duka ta shafa.

Na san za a ce mini wannan aikin masu kuɗi ne. Gaskiya ne akwai wahala, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Sukarin buhu ba ya shiga kwalba haka nan, sai an tace shi ƙwarai, ruwan ma sai an tsarkake shi, gama ƙwayar cuta guda in ta faɗa ciki ta ɓata aikin wata guda. Saboda haka kada wani ya ce zai gwada a gida. Har wa yau, ko a ƙasashen da suka ci gaba, maganin feshin nan cikin tsutsa mai rai a ke yawaita shi, don romo ya yi tsada, cutar kuma takan rage ƙarfi in ta daɗe ana juya ta a kwalba.

Amma ku dubi wannan. Ƙwayoyin jikin mutum sai an ajiye su a zafi 37 ana hura musu wata iska ta musamman. Na ƙwari kuwa zafi 27 ya ishe su, ba su bukatar iskar nan. In ban da watannin bazara da za a nemi sanyaya ɗakin, wannan kusan zafin ɗakinmu ne. Tsadar romo kuma, wadda ta gagari wasu, ita ce ƙofar da mai rake da shanu da yis zai iya shiga. In ɗalibinmu ya gano yadda zai rage kuɗin lita guda ko da da rabi, ya yi abin da duniya za ta zo nema.

Don haka ga roƙona. 'Yan kasuwa, ƙungiyarku ta ɗauki nauyin ɗalibi ko da guda biyu su koyo wannan sana'a, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatan ofis masu rubuta kasafi, ku tuna da firji da lantarki na ɗakin bincike, don ƙwayoyin nan ba su san an ɗauke wuta ba. Manoma kuwa, in kun ga tsutsa ta mutu da kanta a kan masara, ta yi laushi tana narkewa ba tare da an yi feshi ba, ku sa ta cikin kwalba mai tsabta ku kai wa malamin gona, ku faɗa masa gonar da ranar. Mai yiwuwa maganin da mu ke nema yana cikin gonarku.

Dattijon nan da na gama yi masa bayani ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, in an tashi a zo a faɗa mini, buhun farko ni zan bayar." Allah Ya sa a tashi. Sai mako mai zuwa.