DAGA ALLON MALAM: Murhun Gas Na Gida Da Rinin Bakin Bindiga

Ran Asabar da ta wuce na sauka Port Môle don in raka wani ɗan'uwa da zai shiga jirgin ruwa zuwa Port-Gentil. A kan hanyata ta dawowa sai na tarar da wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu walda ce sana'arsa, yana ta huda wani bututun ƙarfe mai tsawon kamu biyu. Na ce, "Kai ɗana, sarewa kake ƙerawa?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, murhun gas ne. Wani mai gyaran bindigogin mafarauta ya ba ni aikin, zai dinga dafa ruwan rinin ƙarfe a kai."

To, mai karatu zai ce, ƙarfe kuma har rina shi ake yi? Ƙwarai kuwa. Ruwan saman da Libreville ke samu a shekara ya kusa mita 3, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu, ga kuma iskar teku mai gishiri. Bindigar farauta kalibar 12, wadda mai ita ya sha wahala kafin ya sami takardar izinin riƙe ta, in aka bar bakinta tsirara, damina guda ta ishi tsatsa ta cinye shi. Saboda haka ake yi masa abin da Faransawa ke kira bronzage. Akan tsoma ƙarfen cikin komi mai ɗauke da ruwa da sodar sabulu da wani gishiri, a dafa har zafin ya kai digiri 140 ko kusa da haka. Sai bayan ƙarfen ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, kamar turkuɗin da ya fito daga karofin Ƙofar Mata. Wannan baƙin shi ma wani nau'in tsatsa ne, amma mai kwanciya lif, wanda ke riƙe mai ya kuma hana jar tsatsa kamawa.

Da yake komin dogo ne, risho mai zagayayyen baki ba zai yi ba, don tsakiya za ta tafasa gefe yana sanyi. Shi ya sa ake jera ƙananan huda a jikin bututu. Asirin aikin yana bakin bututun ne, inda gas ke fitowa da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa kamar kafar allura, ya jawo iska ya gauraya da ita kafin ya isa wurin wuta. Wannan dabara ce ta murhun da Robert Bunsen ya fito da shi a Heidelberg ta ƙasar Jamus wajen 1855, wanda duk ɗan sakandare ya gani a ɗakin gwaji. In iska ta wadata, harshen wuta shuɗi ne. In ka ga ya yi rawaya yana shafa baƙi a gindin komi, to iska ta kasa, kuma hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki yana fita.

Aikin yaron ya yi kyau, ban ƙi ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na duba bayan bututun na ga ya haɗa shi da tukunyar gas mai kilo 12.5 da tiyon ban-ruwa, ya ɗaure da waya, babu détendeur, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas. Na tambaye shi dalili, ya ce mai aikin ne ya ce a rage kuɗi. Na ce masa araha ba ta ado. Gas ɗin butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. In ya zurara ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi kwata, ya shiga ƙarƙashin ƙofa, yana jiran guntun sigari. Mu kuwa a unguwanninmu ɗakin katako ne jingine da ɗakin katako, in wuta ta tashi a ɗaya ba ta tambayar na waye na biyu.

Ga abin da na ba shi na alli, ina kuma bai wa duk wani maƙeri da mai walda namu. Bututu da ƙafafun murhu ka ƙera da hannunka, amma détendeur da tiyon gas ka saya na ainihi, ka kuma duba shekarar da aka buga a jikin tiyon. Ka gwada kowane mahaɗi da ruwan kumfar sabulu, kada ka kuskura ka gwada da ashana. Ka kunna a fili, tukunya nesa da wuta, ka kawo ashana kafin ka buɗe gas. Komi ya zama na baƙin ƙarfe, domin soda tana cin sanholo, tana kuma fitar da iska mai kama wuta. Kada a kwara ruwan sanyi cikin ruwan rini mai zafi, zai yi tsalle ya watsu, kuma ɗigo ɗaya a ido ya isa makanta. A sa tabarau da safar hannu, a kori yara.

Wanda ba shi da halin waɗannan, akwai tsohuwar hanya: a bar ƙarfen ya yi siririyar tsatsa, a dafa shi cikin ruwa zalla, a goge, a maimaita har ya yi baƙi. Tana cin kwanaki, amma ba ta cin ido. Ita ce ma ta dace da bindiga mai baki biyu da aka liƙa da dalma, don soda mai zafi tana cinye liƙin.

Ba masu bindiga kaɗai nake nufi ba. Masu tuyar ƙosai, masu tsire da masu shayi da yawa da irin wannan murhu suke aiki. Kakanninmu maƙera sun san zuga-zugi da gawayi ciki da waje, shi ya sa suka tsufa da idanunsu. Gas baƙo ne a maƙera, sai mu koyi halinsa. Ɗalibin nawa dai ya yi alkawarin ba zai miƙa aikin ba sai an sayo kayan da suka dace, ni kuma na ce zan koma in gani da idona.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.