Rawani Ba Hular Jam'iyya Ba Ne



Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a birnin Katsina ya ga yadda tawagar hakimin Kankia da ta hakimin Kusada ke shigowa, dawakai sun sha kwalliya, 'yan lifida a gaba, maroƙa na kirari, har a kai gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman. Abin alfahari ne. To amma in an kwance sirdi an koma gida, me ya rage a hannun hakimin?

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba sarakuna da mulkin En'e. A 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, ba musu. Sai dai zagayen harajin nan shi ne ke sa dagaci ya san kowane magidanci da kowace ruga a ƙasarsa, kuma ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba. Kundin tsarin mulki na 1999 kuwa ko layi ɗaya bai ware wa masu sarauta na aiki ba.

Duk da haka, in shanu suka shiga gonar gero da damina, ƙofar mai unguwa ake fara bugawa. Shi zai taka har gonar, ya duba ɓarnar, ya zaunar da manomi da makiyayi a zaure kafin a zare adda. Rabon gado, iyakar gona, burtalin da aka nome, baƙon da ya sauka da dare ba a san daga inda ya fito ba, duk wuyansa suke hawa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa.

'Yan siyasa fa? Sai kakar zaɓe ta ƙarato ake ganin jerin motocinsu a ƙofar fada, ana neman tubarraki, wani ma har da neman rawani. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ranar da aka ce uban ƙasa na jam'iyya kaza ne, rabin talakawansa sun daina kawo masa ƙara.

Muna kira ga mai wakiltar mazaɓar Kankia, Kusada da Ingawa a Majalisar Wakilai, da 'yan majalisar dokokin jiha, su tsaya a rubuta aikin dagatai da masu unguwanni cikin doka, a yanka musu albashin da zai riƙe su, a kuma hana kowa jan su zuwa dandalin kamfe.