A Bar Mu Da Kewar Takenmu

Kwanan baya a ofishinmu na Ƙauran Namoda wani abokin aiki ya kunna taken wasan Samanja a wayarsa. Mu uku da muka haura shekara arba'in sai muka ajiye alƙalami, muka yi tsit. Wani yaro sabon ɗauka ya dube mu ya tuntsire da dariya, ya ce wai tsufa ke damunmu, wasannin dā ƙauyanci ne, hotonsu ma dishi-dishi. Ban tanka masa ba, domin ofis ba wurin gardama ba ne. To, ga amsata yanzu, gare shi da duk masu ra'ayi irin nasa.

In zancen kyan hoto a ke yi, na sallama, na yanzu sun fi. Amma yaron nan bai san abin da ya sa muka yi shiru ba, don bai san take ba. Mu mutanen ƙasar da Narambaɗa na Isa ya yi kiɗan kotso ba sai an koya mana ba. Ka ga ɗan dambe zaune jikinsa a mace, da an taɓa masa takensa a kalangu sai ya zabura ya shiga fage. Watau take kira ne, kuma na talabijin unguwa guda ya ke kira.

Sa'ad da mu ke yara, tun muna cikin Jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996, akwatin talabijin ɗaya ne tak a layinmu. Bayan sallar lisha mai shi ya kan fito da shi ƙofar gida ya ɗora bisa tebur, in wuta ta ɗauke a jona batirin mota. Da take ya tashi, sai ka ga yara suna fitowa da gudu, wani da lomar tuwo a hannu. Dattawa su hau benci, mata su leƙo daga zaure, mai tsire ya matso da tukubarsa. Usman Baba Pategi, wanda ya ke Samanja, sojan gaske ne, ga shi kuwa yana sa talakawa dariya da halin bariki a zamanin da soja ke mulki. Kasimu Yero ya zo da Karambana, gidan talabijin na Sakkwato ya kawo mana Idon Matambayi. Har Cock Crow at Dawn, wasan manoma da aka fara a 1980, ko da ya ke yawancinmu ba mu jin Turanci, da muryar Bongos Ikwue ta tashi mun san lokaci ya yi. Kashegari a kasuwa, a makaranta, a tashar jirgi, zance guda a ke yi.

Yau fa? Kowa da allonsa a tafin hannu, miji na kallon nasa, mata na kallon nata, ba mai jin dariyar wani. Wannan ma da sauƙi. Kai mai karatu, in kana Zurmi ko ƙauyukan Shinkafi, gaya mini gaskiya, mutum nawa ke iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan lisha hankali kwance, ba ya kasa kunne ko zai ji ƙarar baburan 'yan bindiga? A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, wayoyin nan da a ke taƙama da su suka zama kurame, mutane suka zauna jugum, ba abin da zai tara su. Daren da a ke taruwa ba tsoro, shi muka tuna a ofis. Wanda ya kira wannan ƙauyanci, lalle bai san abin da aka raba shi da shi ba.

Amma fa mu masu kewar ma da laifinmu. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu na Jos a 2025. Shi Karkuzu sai da ya fito ya nemi taimako yana fama da ciwon ido, sa'an nan ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Mu da muka sha dariyarsa kyauta shekara da shekaru, me muka ba shi? Tura guntun wasa daga waya zuwa waya ana cewa Allah sarki bai ciyar da kowa ba.

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da alƙalaminku. Ku rubuta wa gidajen talabijin na Kaduna da Sakkwato da Gusau takarda, ku roƙa a binciko abin da ya rage na faya-fayan nan a adana, a maimaita su da takensu cikakke, a kuma ba iyalan 'yan wasan hakkinsu. Ni na rubuta tawa, mu uku muka sa hannu. Yaron nan ne ya buga mini ita a kwamfuta, yana bugawa yana gunaguni.