Bukukuwan kaka na Yahudawa da abin da ya shafe mu a Maraɗi

Lokacin da manoman Cadakori ke yankan gero suna ɗaurin damma, lokacin ne Yahudawa ke shiga watan Tishri, watan manyan bukukuwansu. Wanda ya taso a makarantar allo ba zai ji baƙon suna ba a karatun da suke yi. Ranar farko ta sabuwar shekara, Rosh Hashana, suna karanta labarin Hajara da ɗanta Isma'ila a jeji har Allah ya nuna mata rijiya. Kashegari sai labarin yankan ɗan Annabi Ibrahim, wanda a wurinsu Is'haƙu ne, a wurin galibin malamanmu kuma Isma'ila. Ranar 10 ga wata azumin Yom Kippur ne, da la'asar su karanta littafin Annabi Yunusa. Daga nan sai kwana bakwai a bukkoki, kamar mai gadin gona, sannan saukar Attaura.

Sai dai ranakun nan sun zama na fargaba. Ranar Yom Kippur aka kai hari wurin ibadarsu a Halle ta Jamus a 2019, haka kuma a Mancesta ta Ingila ranar 2 ga Oktoban 2025. Waɗanda aka nufa masallata ne.

Mai karatu zai ce ina ruwan Gidan Rumji da wannan, tunda ba mu da maƙwabci Bayahude? Akwai ruwanmu, kuma tarihi ne ya sa. Wajen 1492, shekarar da Sifaniya ta kori Yahudawa, Shehu Muhammadu Al-Magili ya sa aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit ta ƙasar Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau. Alƙalin garin, Abdullahi Al-Asnuni, bai yarda ba. Ya ce suna da amana a ƙarƙashin shari'a. Wannan saɓanin ba kasafai ake faɗarsa ba in ana yabon Shehun. Daga can ya bi ta Abzin zuwa Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasihar mulki, ya wuce Gawo, inda Askiya Muhammadu ya hana Yahudawa shiga ƙasarsa. Sarautar Maraɗi kuwa daga Katsina ta taso. Ba wanda ke musun ilimin Al-Magili, amma gadon nasa har da wannan.

Yau a kasuwa, in ɗan kasuwa ya tsawwala farashi sai a ce masa Bayahude, a yi dariya. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023, saƙonnin murya a WhatsApp suka cika da zagin da ba ya raba gwamnatin Isra'ila da duk wanda aka haifa Bayahude. Fushin kashe-kashen Gaza yana kan hanya, kuma Nijar ta nuna nata a hukumance: ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002. Wannan hukunci ne a kan gwamnati.

Abin tsoro a nan gida shi ne inda irin wannan fushin ke sauka in ya rasa wanda ya nufa. A Janairun 2015, kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, aka ƙone mujami'u 45 a Yamai kaɗai. Masu su ƴan Nijar ne. A Yunin 2019 ma wata mujami'a ta ci wuta a birnin Maraɗi, bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin addini.