Kafin ka zagi AI, duba takardar aiken da aka ba shi

Yau ba "danna nan, danna can" za mu yi ba, ra'ayina zan faɗa a kan wani abu da ake rainawa.

Ka san yanzu AI ya wuce hira kawai. Ana haɗa shi da wasu manhajoji ya riƙa aiki da kansa: ya duba saƙonni, ya binciko farashi, har ya tura kuɗi. Shi nake kira ɗan aiken AI. Tun watan Yunin 2023 OpenAI ya buɗe wa masu haɗa manhaja wannan hanya, a Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fitar da tsarin MCP don aikin.

Sai dai ɗan aiken nan ba ya ganin cikin manhajar da aka haɗa shi da ita. Abin da yake gani shi ne sunan kayan aikin, da 'yan layukan bayanin da mai haɗawa ya rubuta, da guraben da zai cike. Shi ke nan. Da su yake yanke shawarar wanne zai ɗauka da abin da zai saka a ciki. Shi ya sa ni a ganina, kuskure da yawa da muke ɗora wa AI laifin mai rubuta bayanin ne.

Ka ɗauka ka tura yaro Karar Wudil ranar Juma'a, bai taɓa shiga ba, ka ba shi takarda an rubuta "tambayo farashi". Farashin me? Sa ko karsana? Kuɗin da dillali ya fara faɗa ko wanda aka sallama? Da la'ada ko babu? Yaro mai hankali zai dawo ya tambaye ka. AI kuwa sau da yawa ba ya dawowa, da zato yake cike gurbin, ya kawo maka amsa ko gezau.

Inda abin ya fi zafi shi ne kuɗi. Tsarin Paystack, misali, da kwabo yake lissafi: in ana son naira 5,000 sai a rubuta 500000. To in mai haɗawa ya rubuta "adadin kuɗi" kawai bai ce kwabo ba, AI zai iya saka 5000, a biya naira 50. Wannan ma da sauƙi. Juya shi: kayan aikin naira yake karɓa, AI ya zaci kwabo ne, ya ƙara sifili biyu. Kalma ɗaya tak aka bari, wa zai biya asarar?

Saboda haka ku masu haɗa irin wannan, musamman ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kwafi bayanin shi kaɗai, ka tura wa abokinka da bai san aikin ba. Ka tambaye shi: me wannan yake yi, yaushe ne bai kamata a taɓa shi ba, me zai dawo da shi, in an yi ana iya warwarewa? Duk inda ya ce "me kake nufi?", a nan AI ma zai yi tuntuɓe. Bayan nan ka jefa wa AI ɗin buƙatu kamar 20 yadda mutane suke rubutu da gaske, Hausa da Turanci a cakuɗe, ka ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan aikin da ya dace.

Wani zai ce dogon bayani kuɗi yake ci, tunda kowace kalma ana lissafa ta. Gaskiya ne, ni ma ban ce a cika shafi ba. Amma "a kwabo, ba naira ba" kalma biyar ce.

Kai kuma mai waya da ba ka haɗa komai, abin ya shafe ka. A 2025 masu binciken tsaro sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin irin wannan bayani, AI ya karanta ya bi, kai ba ka gani ba. Don haka kar ka haɗa AI ɗinka da kayan aikin da ba ka san wanda ya yi shi ba. Duk abin da zai tura kuɗi ko saƙo da sunanka kuma, bar shi a kan sai ya nemi izininka, ka ƙirga sifilan da idonka kafin ka amince.