Rangwamen ƴan makaranta: haya ce, ba saye ba

Tun shekarar 2013 kamfanin Adobe na Amurka ya daina sayar da sabon Photoshop, ya koma ba da shi haya. Ƴan makaranta masu shekara 13 zuwa sama suna da rangwame, shi ya sa yaro ɗan lise a Maraɗi ko Damagaram yakan matsa wa mahaifinsa ya biya masa da katin banki.

To, amma wajibi ne uba ya san abin da ya amince da shi. Babban rangwamen na shekarar farko ne. Bayanta farashi yakan hau, kuma ana ci gaba da zarar kuɗin daga katin ba tare da an sake neman izini ba. Wanda ya ɗauki yarjejeniyar shekara mai biyan wata-wata, idan ya janye bayan kwana 14, za a ci shi tarar rabin abin da ya rage. Wannan tara na cikin abin da ya sa gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu a 2024.

Ɗan kasuwa ba ya kama shago sai ya san kuɗin hayar shekara, ma'aikaci kuwa albashinsa ƙidayayye ne. Saboda haka kafin a biya, a tambayi yaro aikin da zai yi. In rubutu da lissafi ne, LibreOffice kyauta ne. In gyaran hoto ne, ga GIMP. Idan kuwa sana'ar zane ya nufa da gaske, a biya, amma a rubuta ranar cikar shekarar, a yanke shawara kafin ta zo.